Farautar ɓoyayyen akwati a duwatsun Kabong cikin hunturu

Makonni biyu ke nan ba ku ji ni ba, har wasu sun aiko suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau. Hutun ƙarshen shekara ne na kwashi yara muka tafi Jos wajen mahaifiyata, kuma tsarabar wannan tafiya ce na kawo muku a wannan mako.

Mun bar Kano da sassafe, muka bi ta Zariya da Pambeguwa da Saminaka. Tun daga Jengre iska ta fara sauyawa, kafin mu kai Mista Ali yara sun nemi rigunan sanyinsu. Jos tana kan tudu ne mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, shi ya sa hunturunta daban yake da na Kano. A Disamba da Janairu sanyin dare kan sauka zuwa digiri 11 ko ƙasa da haka. Da asuba ruwan alwala sai ka ce daga firji aka ɗebo shi, hazo kuma ya lulluɓe duwatsu har hantsi.

Babban ɗana ɗan shekara 9 yana da asma, kuma busasshiyar iska mai sanyi da ƙura su ne manyan abokan gabarsa. Saboda haka kwana uku na farko a ɗaki muka yi su. Tagogi a rufe, shi da ƙanwarsa suna rigima a kan waya, Hajiya kuma ta sa an shigo da kurfoti cike da garwashi don ɗakin ya yi ɗumi. Wannan kam na fitar da shi, na kuma roƙe ta kada a sake. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Takan fara da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. Amma ko bayan fitar da kurfotin, na san zaman da muke yi ba na lafiya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum. Nawa ko minti 10 ba sa yi, ga ni uwarsu mai yi wa jama'a wa'azi a jarida.

Ana nan sai ƙawata ta kira ni. Tare muka yi karatun harhaɗa magunguna a Jami'ar Jos, benci ɗaya muka zauna shekara da shekaru. Kirista ce, a Kabong aka haife ta, a nan kuma take zaune da mijinta da 'ya'yanta uku. Ta ce, "Ke, kawo yaran nan gobe mu yi farautar akwati." Na ce farautar me?

Wasa ne da Turawa ke kira jiyokashin, ƙaninta da ya yi karatu a Ingila ne ya koya musu. Mutum zai ɓoye ɗan akwati ko roba a wani wuri, ya sa ƙaramin littafi da 'yan tarkacen kyauta a ciki, sannan ya ba da lambobin wurin na GPS. Mai nema sai ya bi lambobin da wayarsa. In ya samu ya rubuta sunansa da kwanan wata a littafin, in ya ɗauki wani abu ya ajiye wani a madadinsa, ya mayar da akwatin yadda ya same shi.

Asalin wasan daga Amurka ne. Kafin shekarar 2000 gwamnatin ƙasar tana rage ingancin GPS da gangan ga farar hula, har na'ura kan yi kuskuren kusan mita 100. A farkon watan Mayun 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umarni aka daina. Ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a dajin Beavercreek da ke jihar Oregon, ya sa littattafai da kaset na bidiyo da gwangwanin wake da 'yan kuɗi a ciki, ya wallafa lambobin wurin a intanet don ya ga ko wani zai iya gano shi. Cikin 'yan kwanaki aka gano. A yau akwai irin waɗannan akwatuna sama da miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190. A ƙasashen da ake dusar ƙanƙara masu wasan kan fita cikin sanyi su tone ƙanƙarar da hannu suna nema. Mu namu sanyin ƙura ce da kaushi, kuma ba mu jira manhajar kowa ba. Ƙawata ce ta ɓoye robobi huɗu a duwatsun bayan gidansu, ta danna wurin kowace a Google Maps ta kwafi lambobin, ta turo mini ta WhatsApp.

Da na gaya wa Hajiya, sai ta ajiye carbinta ta dube ni.

"Kabong? Ke da hijabinki da 'ya'yan mutane? Ana saura kwana uku Kirsimeti?"

Wanda bai san Jos ba ba zai gane nauyin wannan tambaya ba. Ina 'yar shekara 12 rikicin 7 ga Satumban 2001 ya ɓarke. Aka sake a Nuwamban 2008, aka sake a Janairun 2010. Kowane zagaye sai mutane su kwashe kayansu su koma inda 'yan addininsu suka fi yawa, har gari ya rabu unguwa-unguwa. A daren jajibirin Kirsimeti, 24 ga Disamban 2010, bama-bamai suka tashi a Kabong da Angwan Rukuba lokacin da mutane ke sayayyar biki, rayuka da dama suka salwanta. A Agustan 2021 kuma aka tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba, can kusa da Gada Biyu, aka kashe mutum sama da 20. Kowane ɓangare yana da gawar da yake tunawa. Ni kaina rabona da Kabong tun muna ɗalibai. Ko bikin ƙawar nan tawa ban je ba, gudummawa kawai na aika. Tafiyar da ba ta kai ta minti 20 a Keke Napep ba ta zama kamar zuwa wata ƙasa.

Na ce, "Hajiya, a gidansu na ci na sha ina ɗaliba. Da rana za mu je, kafin la'asar mun dawo." Ta yi shiru, can ta ce, "Allah Ya tsare. Ki bar wayarki a kunne."

Shirin yaron na fara yi. Ba mu fita ba sai ƙarfe 10, lokacin da rana ta ɗaga sanyin ya sassauta. Na shafe su da man kaɗanya, fuska da leɓe da dugadugai. Riga biyu marasa nauyi na sa musu a ƙarƙashin ta sanyi, domin in jiki ya yi ɗumi a cire ɗaya. Shi kuma ya sa takunkumi, wanda ke tare ƙura ya kuma ɗumama iskar kafin ta shiga ƙirji. Maganin rigakafinsa na kullum bai tsallake ba, sannan minti 15 kafin mu fara hawa ya shaƙi salbutamol sau biyu kamar yadda likitansa ya tsara. Inhelar tana jakata, da gorunan ruwa.

A Gada Biyu ƙawata ta tare mu, inda hanyar Rukuba ta ɗauke. Kasuwar Kabong a cike take maƙil. Masu kaji suna ciniki, teloli ko ɗaga kai ba sa yi, ga kabeji da karas da dankalin Turawa jibge a bakin titi, daga wani coci kuma muna jiyo mawaƙa suna gwaji. Abin da ya fara ba 'yata mamaki shi ne kowa Hausa yake yi. Ta ja hijabina ta ce, "Umma, ashe su ma Hausa suke ji?" Kunya ta kama ni, domin tambayar laifina ce ba nata ba.

Kabong unguwa ce da aka gina a tsakanin duwatsu. Za ka ga gida ya jingina da dutse, dutsen ya zama bangonsa na huɗu. Za ka ga wani ƙaton dutse a kan ɗan ƙarami kamar yanzu zai gangaro, alhali tun kafin kakanninmu yake nan. A bayan gidaje akwai 'yan gonaki da aka killace da shingen ƙyarana, irin wanda mutanen Filato ke yi tun da can. Na gargaɗi yaran kada su karya ta, domin farin ruwanta yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa sai an yi ta wankewa da ruwa mai yawa an garzaya asibiti.

Muka raba yara biyar gida biyu, kowane rukuni da waya ɗaya, muka cakuɗa nawa da nata. Robar farko ba ta ba su wahala ba, a gindin mangwaro take. Ta biyu ce ta koya musu darasi. Waya ta ce sun iso, suka duba babu komai. Sai mijin ƙawata ya yi musu bayani cewa taurarin GPS suna can sama da nisan kilomita 20,000 da 'yan kai, kuma waya tana bukatar saƙo daga aƙalla huɗu kafin ta san inda take. A fili takan yi kuskuren kamar mita 5, a tsakanin manyan duwatsu kuwa kuskuren kan ƙaru, domin dutse yana tare saƙon ko ya karkatar da shi. Ya ce, "Waya ta kawo ku unguwa, sauran aikin na idonku ne." Doka ɗaya muka kafa: ba a cusa hannu a rami ko tsagin dutse, sai da sanda, saboda kunama da maciji kan fake a irin wuraren nan. Bayan kusan minti 20 'yata ta hango wasu ƙananan duwatsu uku da aka jera a bakin wani tsagi, jerin da iska ba za ta yi ba. Ihun da ta yi har yanzu yana kunnena. Ta rubuta sunanta da hannu yana rawa, ta ɗauki balan-balan ta ajiye fensir.

A hanyar roba ta uku, wadda ke can saman dutse, na ji tarin da na sani, sannan ɗan fito a ƙirjin yarona. Na zaunar da shi a miƙe a inda dutse ya tare iska. Na fito da inhela da gorar roba ta rabin lita wadda na huda gindinta daidai bakin inhelar. Ana fesa ɗaya a cikin gorar, yaro ya ja numfashi ta bakinta sau biyar ko shida, sannan a sake fesawa. Wannan dabara ba ƙirƙirata ba ce. An gwada ta a asibitin yara a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu tun ƙarshen shekarun 1990, aka ga tana aiki kamar ta kanti. Cikin 'yan mintoci ƙirjin ya saki. Da a ce ya kasa ƙarasa magana, ko na ga haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya sauya launi, da asibiti muka nufa nan take. Ya huta, ya sha ruwa, ya ce shi fa sai ya ga saman dutsen nan. Muka hau a hankali. Daga can muka ga Jos shimfiɗe cikin hazo, hasumiyar masallaci da ta coci duk sun yi fari-fari iri ɗaya. Ya tambaye ni ina gidan Hajiya, na nuna masa wajen. Ya ce, "Ashe kusa ne."

Kuskuren da na yi a wajen saukowa ne. Yaran sun matsa su ma sai sun ɓoye nasu akwatin. Ƙawata da mijinta sun yi gaba da ƙananan, ni da manyan biyu muna baya. Na ɗauko gwangwanin madara da na zo da biskit a ciki, muka sa takarda da alewa, na naɗe shi a baƙar leda don kada ƙura ta shiga. Muka sami wani tsagi kusa da hanyar da mutane ke bi zuwa kasuwa, na durƙusa na tura shi ciki, na miƙe ina danna waya don in ɗauki lambobin wurin.

"Madam! Me kika sa a wurin nan?"

Wani magidanci ne, zai yi shekara 50, yana tsaye nesa kaɗan, bai matso ba. Kafin in buɗe baki matasa uku sun tsaya a bayansa, wata mata ta janye ɗanta. A lokacin ne na ga kaina yadda suke ganina: baƙuwa da hijabi, ta cusa gwangwani cikin baƙar leda a bakin hanya, tana danna waya, a Kabong, saura kwana uku Kirsimeti. Bakina ya bushe, ba don hunturu ba.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, wasan yara ne. Bari in buɗe ka gani."

Ya ce, "Ke kika sa, ke za ki ciro. Yaran su tsaya can."

Na ciro, na kwance ledar, na zazzage komai a ƙasa: alewa huɗu, takarda, guntun fensir. Babu wanda ya yi dariya. Sai ɗan ƙawata ya yi magana da yarensu, ya faɗi sunan gidansu, ɗaya daga cikin matasan ya gane shi. Kafin nan uwarsa ta juyo da gudu. Ashe ita tun jiya ta je ta gaya wa mai unguwa da masu sintiri inda ta sa robobinta, kuma da gangan ta zaɓi robobi masu haske da ake ganin cikinsu, ta rubuta sunan gidansu a jiki. Ni ce na zo da nawa ban tambayi kowa ba.

Mutumin ya daɗe yana kallon alewar nan a ƙasa. Sannan ya ce, "'Yata, ina cikin kasuwar nan daren da abin ya faru. Kada ki ga laifina." Na ce ban gani ba, ni ce mai laifi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ko a ƙasashen da wasan ya yi suna ana samun haka. A 2011 a garin Wetherby na Ingila sai da aka rufe wani titi aka kira sojoji masu kwance bam saboda irin wannan akwati, balle a unguwar da ta binne mutanenta.

Abin da ya biyo baya shi ne ban zata ba. Ya tambayi yarona yadda ake wasan, yaron ya nuna masa a waya. Ya ce to saura guda nawa? Aka ce ɗaya. Ya karɓi wayar ya juya ta, ya mayar, ya ce shi a duwatsun nan ya yi kiwon awaki yana yaro, a faɗa masa alamar kawai. Aka ce "inda dutse ya yi baki kamar kada". Ko minti biyar ba a yi ba ya kai su. Ya sa hannu a littafin a ƙarƙashin sunan 'yata.

A gidan ƙawata muka ci gwaten acca mai zafi da ganye, na yi sallar azahar a ɗakinta, a kan sabon zanen da ta shimfiɗa mini. Kafin la'asar muna gida kamar yadda na yi alkawari. Da na ba Hajiya labari ta yi salati, ta yi mini faɗan da na cancanta, sannan ta tambayi lafiyar mahaifiyar ƙawata, wadda ashe tare suke sayen kaya a babbar kasuwar Taminus kafin ta ƙone a 2002. A daren yaran suka yi barci tun bayan isha, babu wanda ya nemi waya, yarona kuma bai yi tari ba.

Ga iyalan da ke son gwadawa, ba sai kun je Jos ba. Harabar makaranta a lokacin hutu, gonar dangi, ko filin unguwa duk sun isa, kuma waya ɗaya mai Google Maps ta wadatar. Amma ku fara da neman izini: mai wuri, mai unguwa, masu gadi, kowa ya sani kafin ku ajiye komai. Ku yi amfani da roba mai haske, ku rubuta suna da lambar waya a jiki, ban da gwangwani, ban da baƙar leda. Ku nisanci kasuwa, tasha, masallaci, coci, gada da duk wurin jami'an tsaro, kuma ku kwashe kayanku a ranar. A Filato ku nisanci tsofaffin kududdufan haƙar kuza, zurfinsu ya wuce yadda ido ke gani. Kada a sa abinci ko magani a ciki. Alewar da na sa ma kuskure ce, tana jawo tururuwa da ɓeraye.

Ta fuskar lafiya, ku fita bayan rana ta ɗaga, ranar da ƙura ta yi yawa har ba a ganin nesa kuwa ku haƙura. A sha ruwa ko ba a jin ƙishi, domin iskar hunturu tana busar da jiki a ɓoye. In yaro ya yi haɓo, a zaunar da shi ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan wurin hanci minti 10 ba sakewa, kada a ɗaga kansa sama. Mai asma kada ya fita sai da inhelarsa, kuma in ciwon yana yawan tashi a 'yan kwanakin, a ga likita tukuna. Murar hunturu yawanci ba ta bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, ku daina matsa mana a kanti sai mun ba ku. Amma zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba mura ba ce, lokacin sanƙarau ne, a tafi asibiti ba tare da jira ba.

Na je Jos da tsoro biyu, na sanyi da na unguwa, kuma dukansu suna da dalili. Yarona ya yi fito a kan dutse, ni ma na tsaya a gaban mutanen da suka zarge ni. Amma inhela da gora sun yi maganin na farko, gaskiya da sanayya sun yi maganin na biyu. Da na bar su a ɗaki, da har yau 'yata tana zaton mutanen Kabong ba sa jin Hausa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mun yi da ƙawata cewa da Ƙaramar Sallah ita za ta kawo nata unguwar Hajiya, ni zan ɓoye robobin, kuma gidan mai unguwa zan fara zuwa.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.